Ƙyallin Ƙofar Gaba

"Wanne ya fi ƙyalli?" in ji mai motar. "Wadda zan aura zan burge."

Mai goge motoci ya jera gwangwanin man goge mota guda uku. "Wannan ɓoye ƙarzuna yake, ruwan farko ya tona asiri. Wannan cin fenti yake. Wannan kuwa, shekara biyu bai dusashe ba."

Na ukun ya shafa, ya wuni yana murzawa, don shi ma ya san so.

Yana durƙushe gefen taya wadda mai motar zai aura ta tsaya gyara ɗankwali a jikin ƙofar. Idanunsu suka haɗu cikin fentin. Budurwar mai goge motar ce, wadda shekara huɗu take ce masa ya ƙara haƙuri.

"Sannu da aiki, malam," ta ce.

Bai taɓa yin gugar da ta fito da fuska tar haka ba.