Mangwaro a Gonar Aro

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya samarin ƙauyenmu, can wajen Gwangwan, suka fara gayyar dashen itatuwa. Kowane yaro aka ba shi dashe ɗaya a baƙar leda. Nawa mangwaro ne. Ban shawarci kowa ba, na kai shi gonarmu na dasa.

Ban san gonar ta aro ce ba. A wajenmu kuwa, wanda ya dasa itace a gona, cewa yake yi gonar tasa ce.

Bayan la'asar ina nuna wa Baba aikina, sai ga mai gonar, Alhaji Sale, ya jingine kekensa. Baba ya matsa ya tsaya a gaban dashen. Suka yi ta gaisuwa, ya gida, ya damina, idon Alhaji na kan ganyen da ya leƙo ta bayan ƙafar Baba.

"Malam Isa," ya ce a hankali, "aro na ba ka, ko gado?"

Baba bai ce laifin yaro ne ba. Ya durƙusa ya tono dashen da yatsu, har da ƙasarsa. Ya cire hularsa ya sa shi a ciki, ya miƙo mini.

Yau ni nake jagorantar samarin. Suna ƙorafi wai ina ɓata musu lokaci da tambayar "Filin waye?" kafin a haƙa rami. Ba su taɓa ganin ubansu a durƙushe, kai ba hula, a gaban wani ba.