Bangon Gidan Tasalla

Tun da aka kawo bangon gilashi mai sauya zane da kansa, baƙi suka shiga ɓata a Zariya. Gidan Tasalla kaɗai ya rage da zayyanar hannu, aikin marigayi mahaifinta.

Da jami'in ƙawata gari ya iso zai rufe bangon, ta tare shi a bakin zaure.

"Inna, na'ura ta auna," in ji shi. "Dagin da aka zana a bangon nan a karkace yake, na zamani ya fi shi kyau."

"To ɗan nan, yaya aka yi ka gane gidan?"

Ya sosa ƙeya. "Cewa aka yi in nemi mai karkataccen dagi."

"Madalla. Rufe shi, mu ga mai yi maka kwatancen komawa."

Ya waiwaya. Lungun da ya biyo har ya sauya kama. Ya mayar da na'urar jaka.