Lugude a Ƙaramin Turmi

Ka ce fitilar nan taku ta leza, mai harba siririn haske, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, ta hana ka sukuni. Manyan irinta, da an ƙara musu wuta zuwa wani mataki, sai hasken da ke watse ya haɗu farat ɗaya ya miƙe kamar zare. Ita kuwa ƙaramar sai ta haɗa ta saki, ta haɗa ta saki, har kana shirin yar da ita. To aje wayar nan, maigida, ka gyara zama.

Wata mata ce ta tashi a babban gida, inda turame ke jere kamar a kasuwa. A can daka yakan fara da hayaniya, kowace taɓarya da inda ta nufa, can sai lugude ya kama gaba ɗaya, ko wata ta kuskure sauran sun rufa mata asiri. Zama ya kai ta wata 'yar tunga, daga ita sai maƙwabciyarta, sai ƙaramin turmi guda. Ranar da aka yi wa gonarsu gayya, furar manoma na wuyanta, geron kuwa shi ne na ƙarshe a rumbu. Suka sa taɓare biyu a turmin. Lugude ya ɗan kama, sai taɓaren suka yi karo, gero ya fantsala, kaji suka taso. Ta tsaya, ta ce a sake daga farko. Ya kama, ya ƙwace, ta kuma tsayawa. Ita jira take ya zo mata farat ɗaya irin na gidan ubanta, alhali duk tsayawar da ta yi, ɗan abin da hannuwa suka fara koya sai ya huce. Ta ce, "Turmin nan ba shi da albarka." Maƙwabciyar ta ce, "Turmi bai san gidan ubanki ba. In mun yi karo kada ki tsaya, ɗaga ki sake."

Maganar ta yi mata zafi, amma ga rana ta take, mutane na gona bakinsu a bushe. Ta haɗiye fushinta, ta ɗaga taɓarya. Suka yi karo, ba ta tsaya ba. Lugude ya riƙa daɗewa kafin ya ƙwace, ƙwacewar ta riƙa gajarta, har aka kai inda taɓarya ke fita 'yar'uwarta na shiga, ƙwaya ba ta faɗuwa ƙasa. Da za a tambaye su bugun da ya fara zama daidai, ba wadda za ta iya nunawa. Manoma sun gaji da duban hanya, amma sun sha fura har da ragi.

Inda hannu ya yi kaɗan, kowane kuskure ana jin sa, ba lalacewa ba ce. Koma ka riƙa ƙara wa ƙaramar fitilar nan wuta kaɗan-kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.