Riƙon Hannun Riga

Da aka dire masa tambulan ɗin giya, sai tsohon ya ɓoye hannunsa na dama a ƙarƙashin tebur. Tun bazara hannun yake karkarwa, kuma duk ƙungiyarsu ta kokawar judo a garin Ghent babu wanda ya faɗa wa.

Al'adarsu ce, ranar Lahadi su yi ta kayar da juna a kan tabarma, da rana su tsallaka mashaya su sha tare. Yau bai hau tabarma ba, ya fake da ciwon gwiwa. In ya ɗaga tambulan ɗin nan, rabi a rigarsa zai ƙare, daga nan kuma a fara lallaɓa shi kamar majinyaci.

Abokin karawarsa tun suna samari ya zauna kusa da shi yana taunar cuku.

"Kai tsoho, gadin giyar aka ba ka?"

"Ba na jin ƙishi."

"Ƙarya kake. Ka ɗauka ni makaho ne? Fito da hannun nan."

Kafin ya amsa, mutumin ya cafki hannun rigarsa, irin riƙon da ya sha kai shi ƙasa da shi. Nan take jikin tsohon ya yi shirin kokawa, kafaɗa ta daidaita, yatsu suka nutsu.

"To, ɗaga."

Ya ɗaga, ya kurɓa, ko ɗigo bai zuba ba.

"Kar ka saki," in ji tsohon yana dariya, kumfa a gemunsa.

"Yaushe na taɓa sakinka?"