Tabon Ƙuna a Falon Withington

Tabon ƙunar ne Sa'adiya ta fara gani. Baƙi ne, zagayayye kamar gindin tukunya, a tsakiyar jan kafet ɗin da mahaifiyarta ta zaɓa da kanta shekara guda kafin ta rasu. Ta tsaya a ƙofar falon da makulli a hannu, zuciyarta na tafasa.

Ta san irin wannan tabo, don a kansa take rubuta kundin digirinta na uku a jami'ar da ke Edgbaston, a birnin Birmingham. Shekara huɗu ke nan tana durƙuso cikin laka tana tonon gidajen gona na attajiran Rumawan zamanin da. Labarin kusan ɗaya ne ko'ina. A ƙarshen zamaninsu sai ka tarar an toshe ɗakuna, an takure a guda, an hura wuta a kan daɓen ado na ƙananan duwatsu masu launi. Ita dai ta haƙiƙance baƙi ne suka kutsa bayan masu gida sun watse, tunda babu mai yi wa gidansa haka. Duk wanda ya yi mata musu sai ya sha bayani har ya yi da-na-sani.

Ba ma da niyya ta zo ba. Wasu fasassun tukwane ta zo dubawa a Manchester, ta ce bari ta leƙa gidansu da ke unguwar Withington. Tun watan Nuwamba mahaifinta, Injiniya Gidaɗo, ya ce mata zai tafi Kano sai sanyi ya wuce, gidan ya yi masa girma shi kaɗai. Ya hana ta raka shi filin jirgi. Duk Juma'a yakan kira ta, lamba a ɓoye, murya can ƙasa, ya ɗora laifin a kan katin waya. Tambayarsa ɗaya ce kullum, ko za ta miƙa aikin a watan Maris kamar yadda aka tsara.

Ga shi ko wata uku ba a yi ba, wani ya mai da falon mahaifiyarta ɗakin kwana.

Ta share hawaye, ta shiga karanta wurin yadda aka koya mata. An jawo katifa an shimfiɗa kusa da hita mai ɗumama ɗaki, kuma hitar ce ta ci kafet. Ga bokiti a lungu, ga kular abinci da ba ta gidan ba. Ta bi tarin robobin madara daga sama zuwa ƙasa tana duba kwanan wata, kamar yadda take yi da tsabar kuɗin Rumawa. Ta saman ta wannan mako ce, ta ƙasan kuwa ta makon da Baba ya yi sallama. Wato ɗan banzan da ya kutsa dama fakon tafiyar Baba yake yi.

Ƙurar matakalar bene ba a taka ta ba. Talabijin na nan, agogon bango na nan. Rigar sanyin Baba kaɗai ta ɓace daga maratayi. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne hoton mahaifiyarta, an sauke shi daga bango an jingina inda mai kwanciya zai riƙa kallonsa.

Falon nan shi ne abin da ya rage mata na uwarta, kuma ta san in Baba ya ji, hawan jininsa zai tashi. Ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyarsu Anti Celestina, 'yar Jos, ba kowa. Sai ta yanke shawara ita kaɗai. Ta kira mai gyaran makulli ya canza na gaba da na baya. Ta ɗure bargo da kula da sauran tarkace cikin baƙaƙen ledoji, ta kai bola. Ta mayar da hoton bango, ta kashe wuta da ruwa daga tushe, ta kama jirgin ƙasan ƙarfe biyu cikin yayyafi mai ratsa ƙashi. Har daɗi ta ji a hanya, ta yi wa Baba aiki ba tare da ya sani ba.

Gab da isha'i tana gaban kwamfuta a Birmingham wayarta ta yi ƙara. Anti Celestina ce, tana magana tana shessheƙa. Ta ce yanzu ta dawo daga aiki ta tarar da shi zaune a bakin ƙofar gidan su Sa'adiya cikin ruwa, a sandare, makulli a hannunsa. Tun la'asar ya dawo daga asibiti yake gwada buɗe ƙofar. Motar asibiti ta tafi da shi, ba ya ko motsi.

"Anti, kin san shi ne?" in ji Sa'adiya. "Ni na canza lock ɗin. Wane ne shi?"

Anti Celestina ta ce:

"Ya sa na rantse ba zan gaya miki ba sai kin gama thesis ɗinki. Treatment ake masa a asibiti tun November, ko bene ba ya iya hawa. Babanki bai je Kano ba, 'yata."