Ƙwallon Dabino Ɗaya a Gwangwani

Ƙanena Hashimu ya rasu, yau kwana arba'in da uku. Kujerarsa tana nan a rumfar shagona, gwangwaninsa yana kan teburin da nake yanka yadi, ban iya ɗauke shi ba. Ni tela ne, karatuna bai wuce firamare ba, kuma na gaji da maimaita wa masu gaisuwa yadda abin ya faru. Tunda ka tambaya, zauna in ba ka misali da wasan da muke yi.

Wani malamin sakandare ne ya kawo mana wasan. Duk Asabar bayan la'asar sai mu kewaye tebur, shi yana ba da labari, mu kuma kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin ya zama shi. In za ka yi wani abu mai haɗari, sai ka jefa ƙwayar lido, ita za ta nuna ko ka dace. Kowa yana da gwangwanin madara da ƙwallayen dabino a ciki. In aka kai maka hari, malamin ya rubuta maka a 'yar takarda yawan da za ka cire. Ranar da gwangwani ya zama wayam, mutuminka ya faɗi.

Na taɓa tambayarsa ko ƙwallayen nan jini ne. Ya ce a'a. Ya ce numfashi ne, da sa'a, da ƙarfin gwiwar da mutum ke kauce wa sara da shi. Mai ƙwallo ɗaya yana tsayawa ya yi faɗa kamar mai ashirin, ba ɗingishi, ba nishi. Shi ya sa ya hana a leƙa gwangwanin wani. Mai magani in yana so ya sani, sai ya tambaya.

To, a cikin labarin akwai matafiya uku da za su ratsa daji su kai gishiri wani gari: mai garkuwa, da maharbi, da mai magani. Mai garkuwa ne a gaba. Shi ya tare 'yan fashi a mashigin rafi, shi ya riƙe igiya har jakuna suka haye, shi ya ba da ruwansa da gorar wani ta fashe. Maharbi kuwa ƙaya ce ta karce shi, ya cika daji da ihu. Mai magani saura ƙulli ɗaya a jakarsa, wanda zai mayar wa mutum ƙwallaye goma. Ya juya ga mai garkuwa ya ce, "Yaya jiki?"

Mai garkuwa ya ce, "Da sauƙi, Yaya. Ba wa wancan ragon, kada kukansa ya tara mana kuraye."

Aka yi dariya, aka ba maharbi. Da suka hango ganuwar gari, mai garkuwa ya yi tuntuɓe da saiwa. Malamin ya ce a cire ƙwallo ɗaya tak. Sai mai garkuwa ya kife gwangwaninsa a kan tebur, ƙwallo ɗaya ya gangaro, babu na biyu. Mutumin da takobi bai kayar ba, saiwa ta kayar da shi a ƙofar gari.

Mai garkuwar nan Hashimu ne. Mai maganin ni ne. Na ce masa, "Kai wane irin wawa ne? Me ya hana ka faɗa?" Ya ce shi bai taɓa jin inda aka gaida mutum da jiki ya amsa da wani abu ba da sauƙi ba. Muka sake dariya, na ci gaba da ɗinkina.

Gaskiya ya faɗa, haka aka rene mu. Hashimu yana tuƙa motar kaya, yana noma gonar gidanmu, yana jinyar mahaifiyarmu, 'ya'yan ƙanwarmu huɗu suna hannunsa. Wata takwas ina ganin yana kawo mini wanduna in rage masa ƙugu, yana cewa yayi ne. Na ga ya daina sa takalmi sau-ciki. Kullum sai na tambaye shi jiki, kullum da sauƙi. Ni kuma ina karɓar amsar da sauri, don ita ce ba ta da nauyi. Ban taɓa zaunar da shi na ce buɗe mini gwangwanin in gani ba. Zazzaɓin kwana biyu ne ya kwantar da shi. A asibiti likita ya ce ciwon ya daɗe a jikinsa, da an zo da wuri da akwai abin yi.

Ni na yi masa wanka. Abin da mai wanka ya gani ba a faɗa, ba kuma zan faɗa ba. Iyaka dai na san babbar riga ta daɗe tana rufa masa asiri, ni kuwa na ɗinka ta da hannuna.

Ba na ja da ƙaddara, kwanansa ne ya ƙare. Amma in kana da wanda yake tsaye a gabanku yana tare muku komai, kada ka tsaya a amsar farko. In kuma kai ne a gaban, aka tambaye ka, ka faɗi abin da ya rage maka tun maganin yana cikin jaka. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Taya ni da addu'a. Allah Ya jiƙan Hashimu, Ya hutar da shi hutun da bai samu ba a nan, Ya yafe mini tambayar da ban ƙarasa ba. Ka ce amin.