Mai Kwano, Kashi na Huɗu

Sakinatou ta sake tsayawa a bakin ƙofa da kwano a hannu, ta kau da kai gefe. Uwaisu ya sake ɗaga hannu.

"Cut. Madam, wannan ai fushi ne. Mai Kwano ba ta fushi."

Jiya ya ce ta cika yanga, shekaranjiya ya ce kamar an aiko ta karɓar rance. Ta haɗiye abin da ya zo mata baki, domin mai nema ba ya fushi.

Duk wanda ya san birnin Greensboro na ƙasar Turawa ya san Mai Kwano. Uwaisu ya haɗa fim na farko ne tun yana tuƙin tasi, a wani ɗan gidan haya da ke bayan Wendover Avenue. Labarin ma ba wani labari ba ne. Mutum yana zaune a falonsa, kuma Uwaisu ne ya fito da kansa, da sunansa na yanka, don ɗan wasa kuɗi yake ci. Sai wata tsohuwa mai lulluɓi ta bayyana a bakin ƙofa da kwano a rufe. Ba ta shiga. Ba ta kallonsa. Ba ta kiran sunansa. Ta ajiye kwanon, ta juya. Hoton dishi-dishi, daga sama aka ɗauko shi, aka ɗora masa wani kiɗa mai kama da kukan tsohon ƙyaure, irin wanda ko akuya aka sa wa sai ta koma aljana.

Turawa suka ce ba su taɓa jin tsoro irin wannan ba. Abin nema ya samu. Uwaisu ya koma garin Pleasant Garden da ke kusa, aljanar ta bi shi, aka yi kashi na biyu. Ya sayi gida a Irving Park, unguwar masu kuɗi, ta sake bin shi, aka yi na uku. Aka buga ta a riguna da kofuna, yaran Turawa suna yawo da zanin gado a ka da kwanon roba a hannu. Wani farfesa ya yi lacca guda a kan ma'anar kau da kanta. Uwaisu kuwa ya tara gemu, ya koyi yin shiru kafin ya amsa tambaya. In 'yan jarida sun matsa, sai ya rage murya ya ce shi ma bai san ko mutum ce ba.

Yanzu kamfanin da ya sayi fim ɗin ya kawo sharaɗi: a kashi na huɗu, dole a ƙarshe Mai Kwano ta ɗago kai ta kira sunansa. Nan aka yi cirko-cirko. Uwaisu ya gaya wa ma'aikatansa cewa tsohuwar jarumar ta ƙi.

"Babbar mace ce, tana da principles. Ba ta interview, ba ta zuwa set. Kar wanda ya neme ta."

Shi ya sa aka ɗauko Sakinatou. Ta ajiye aikinta na sito, inda take ɗaga kwalaye har bayanta ya sage, ta kuma riga ta gaya wa duk dangi a Damagaram cewa ta zama jaruma. Ga shi an ce in makon nan ya ƙare ba ta iya ba, za a kawo wata Baturiya a lulluɓe ta. Tsoro ya kama ta, ba na aljana ba, na komawa roƙon tsohon aikinta.

Ta kalli finafinan ukun har idonta ya yi ja. Akwai wani abu a tsayuwar tsohuwar da ta san ta taɓa gani, amma kiɗan nan ya hana ta tunawa. Ta yanke shawara: Uwaisu zai haɗa ta da matar, ko ya so ko ya ƙi.

Da hantsi ta nufi Irving Park ba tare da ta buga waya ba, kamar yadda ake zuwa gidan mutum a gida. Ta yi sallama a ƙofar gefe, ba amsa, ta tura ta shiga. Ƙanshin miyar kuka ne ya fara tarar ta. A saman kowace ƙofa akwai 'yar kyamara. Daga falo tana jiyo Uwaisu a waya yana zuba Turanci, yana bayanin yadda fasaha take zuwar masa cikin mafarki.

A bakin ƙofar falon kuwa, ga ta nan tsaye. Lulluɓin, kwanon, kan a karkace. Ba kiɗa, sai ƙarar firji.

Sakinatou ta durƙusa ta yi gaisuwa.

"Mama, ina kwana. Ni ce aka ba aikinki. Vraiment, don Allah ki taimake ni. Don me kika ƙi sa hannu a contract ɗin fim?"

"Wane fim, 'yar nan?" in ji tsohuwar. "Ni ko talabijin ba na kallo. An ce mini in an yi baƙi kar in fito. Tunda Allah ya kawo ki, miƙa wa wancan abincinsa, kullum sai ya bar shi ya huce."

Sakinatou ta dubi kyamarar da ke saman ƙofa, ta dubi kwanon.

"To Mama, ki kira shi mana. Ki ce Uwaisu."

Tsohuwar ta ja lulluɓi ta rufe baki, ta ƙara kau da kai, daidai yadda farfesa ya yi bayani.

"Haba 'yar nan, ke ba 'yar gida ba ce? Ɗan farina ne."